Sawu a Cikin Jini

Ƙarfe bakwai na buɗe ɗakin gwaji,
zafin bazara ya riga ni shiga.
Firji na nishi kamar jakin da ya sha kaya.
Tun la'asar ɗin jiya aka ɗauke wuta,
Malam Bunu ya kwana yana lallashin janareta
don kada ruwan gwajinmu ya lalace.

Kwalabe goma sha tara a kan tebur,
kowace da lamba, ba suna.
Amma ta sha ɗaya na san mai ita:
Lubabatu, daga Kware, a bayan a-kori-kura,
lalle ya fara kodewa a hannun da ta miƙo mini,
ta kau da kai sa'ad da allura ta shiga.
Shekara shida da aure, ba goyo, ba ko ɓari.
Ta sha saiwa, ta sha sassaƙe, ta sha baƙar magana.
"Ba ni jin ciwon komi," in ji ta,
"sai mara da kan ɗan murɗa, shi ma ba kullum ba."

Haka kilamidiya take.
Ba ta sallama, ba ta gyaran murya a zaure.
Sai ta shige hanyar ƙwai ta zauna,
tana saƙa tabo a hankali
kamar gizo-gizo a rumbun da aka daina buɗewa.

Na juya jinin a inji har ya rabu,
ja ya kwanta ƙasa,
ruwansa ya taso, kamar man shanu a rana.
Na ɗiga shi a faranti mai ramu casa'in da shida,
ƙanana, sun fi gurbin dara ƙanƙanta.
Ba ƙwayar cutar nake nema ba.
Wataƙila ɓarawon ya daɗe da haura katanga.
Dakarun da jiki ya tayar nake kira,
waɗanda suka taɓa ganin fuskarsa
suka ƙi mantawa.

In wanke, in jira. In ɗiga, in dubi agogo.
Aka kira azahar daga wajen Gawon Nama,
na yi salla da kunne ɗaya a kan ƙararrawa.
Da na dawo, ramin sha ɗaya ya yi shuɗi,
tsoma ɗaya a marina.
Na sa ruwan tsayarwa, ya koma ruwan ɗorawa.
Inji ya karanta, ya tofo lamba.

Je ka Gulbin Rima da rani,
za ka ga zane a jikin gaɓa
inda ruwa ya taɓa kaiwa.
Zanen ba ruwa ba ne.
Ba zai ce maka bara ne ko bara waccan ba,
balle ya faɗi gajimaren da ya zubo shi.
Haka lambar nan.
Ba ta san wanda ya kawo ba, ba ta san yaushe ba,
kuma ni ba alƙali ba ce.
Na rubuta a ƙasa da jan biro:
a ɗebo daga bakin mahaifa a tabbatar,
a nemi maigida.

Da la'asar sakaliya ta leƙo ta taga.
"Malama, mi kika gani?"
Na ce, "Sawu.
Likita Modi zai yi miki bayani. Akwai magani.
Amma ku biyu za ku sha,
in ba haka ba, shara ce ana iska."

Ta ninke takardar gida huɗu,
ta ƙulle a bakin mayafi tare da kuɗin mota.
"Shi kau ba shi son asibiti," ta ce.
Ta ɗan tsaya.
"Ran Jumma'a shina shigowa kasuwa da albasa.
Kuna buɗewa ran Jumma'a?"

Na ce muna buɗewa.
Na cire safar hannu, na koma kan ta sha biyu.